Albarushi Ɗaya don Bindigogin Baba

Babana ne ke sanar da garinmu ganin wata. Idan labari ya tabbata, sai ya fito ƙofar gida da ƙananan bindigoginsa uku na hannu, ƙirar maƙeran gida, ya harba su sama ɗaya bayan ɗaya. Ba ya ɗura musu dalma, albarushi ne kawai da tsumma. Ƙarama ta yi tas, ta tsakiya ta amsa mata, sannan babbar ta yi rugugin da ke tayar da tantabarun masallaci. Mata su ɗauki guɗa, kowa ya san gobe azumi. Har yau in na ji ƙaurin ashana sai gabana ya faɗi, don warin rigarsa ke nan.

Kowace bindiga da girman bakinta, kowace kuma da albarushinta a gora dabam: mai laushi, matsakaici, da mai garas-garas. Da hazon idonsa ya yi yawa, sai ya kira ni a waya. Lokacin na shekara shida a Dubai, ina harkar abaya da turare, ina zaune a unguwar Karama, ɗaki ɗaya mu huɗu. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa na ci.

"Uwata, an ce babu abin da babu a garin nan naku. Ki samo mini albarushi guda ɗaya wanda zai yi wa dukkansu uku. Na daina bambance gorunan nan."

Ni kuma da bakina mai saurin tsiya na ce ai wannan ƙaramin abu ne, ya sa a ransa ya samu. Haka muke mu 'yan Dubai. Ko wata aka ce mu aiko, sai mu tambaya kala nawa ake so.

Washegari na wuce ofishin jigilar kaya a unguwar Port Saeed, wurin wani mutumin Damagaram da ke aika mini kaya. Ofis cike da mutane, na ɗaga murya na tambaye shi inda ake sayar da albarushi, da kuma ko zai shiga kwantenar wannan makon. Bawan Allah ya miƙe har kujera ta faɗi. Ya ja ni waje bakin matakala, yana haɗa Hausa da Faransanci da Larabci, ya ce in rufa masa asiri in rufa wa kaina, nan ba kasuwar ƙauyenmu ba ce, kalmar kaɗai ta isa a kwashe mu gaba ɗaya. Na ji haushi, na ce masa matsoraci. Sai da na shiga jirgin ƙasa a Rigga na zauna, sannan na gane ni ce sakarya.

Duk da haka ban haƙura ba, taurin kai gadona ne. Mijin wata maƙwabciyata direba ne, ya kai ni wani wurin koyon harbi mai lasisi, inda yakan sauke baƙi. Akwai wani dattijon Bature mai koyarwa a can, direban ya yi mana tafinta. Da ya ji labarin Baba sai fuskarsa ta saki. Ya ce shi ma a ƙasarsu ya daɗe yana sake cika kwanson harsashi da hannunsa, na ƙananan bindigogi iri-iri, kuma ya ɓata shekaru yana neman albarushi ɗaya da zai wadatar da su duka. Ya samu matsakaici, ya ce, wanda ke yi wa kowacce aiki daidai gwargwado, amma babu wadda yake yi wa daɗin da nata na asali ke yi. Na nuna masa hoton bindigogin Baba a waya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in yi wa Allah kada albarushin zamani ya kusanci waɗannan, ƙarfinsa zai tarwatsa ƙarfen a hannun mai harbin. Ashe abin da zai cire wa ubana hannu nake ta yawon nema.

Ya kamata in faɗa masa a ranar, amma ban iya ba. Ta yaya zan ce wa mutumin da ke alfahari da ni a majalisa cewa na gaza? Sai na shiga ƙarya. Na ce ana kan nema, na ce an samu ana jiran takarda, na ce yana cikin kwantena, kwantena kuma ta maƙale a tashar ruwa. Duk Juma'a ya kira, ya tambayi lafiyata, ya tambayi zafin gari, can a ƙarshe ya ce, to ina labarin saƙona? Wata bakwai muna haka. Ina ajiye waya in zauna bakin katifa ina jin kunyar kaina, ga kewarsa kamar ta kashe ni.

Azumi ya kama. A nan Dubai igwa suke bugawa lokacin shan ruwa, ni kuwa duk shekarun nan ban taɓa zuwa kallo ba, don na san abin da zai tuna mini. Ran uku ga wata na je, na kira shi, na ɗaga wayar sama. Da ta tashi sai da ƙirjina ya girgiza. Na mayar da wayar kunne na ji yana dariya, yana cewa wannan ta ƙoshi, ba a yi mata rowa ba. Na tambaye shi yadda nasa harbin ya kasance daren ganin wata. Ya ce bana bai fita ba, da lasifika aka sanar.

Nan na fashe da kuka a tsakiyar mutane, na faɗa masa komai, har da maganar Baturen. Ina jin kukan akuyarmu a bayansa, sai ya ce:

"To ki zo da kanki mana, Uwata. Ki riƙa miƙo mini gorunan, ni in ɗura. Watan Sallah ma ai yana son sanarwa."

Na ce masa kasuwar abaya yanzu take ci, in na tafi kwastomomina za su watse, amma da Babbar Sallah insha Allahu ina hanya. Ya ce Allah ya kai mu. Bai sake tambayata saƙonsa ba.

Saura kwana goma sha biyu Babbar Sallah ya rasu. Na isa bayan an kai shi. Ran sadakar uku na shiga ɗakinsa, na tarar da gorunan rataye a ƙusa inda na san su. Kowanne da igiyar fata a wuya: na farko ƙulli ɗaya, na biyu ƙulli biyu, na uku ƙulli uku. Igiyoyin sun yi baƙi sun yi santsi saboda shafa. Na fito da su na tambayi Inna wa ya ɗaura wannan, yaushe.

Ta ce shi ya ɗaura da kansa, shekara uku ke nan, tun ranar da idon ya fara. Ko cikin duhu aka miƙa masa gora ya san na wace bindiga ce, bai taɓa kuskurewa ba.