Malama Furera, Wadda Ta Hana A Rubuta Altine Cikin Matattu

Kowace safiya, in an idar da sallar asuba, Malama Furera takan share barandar ɗakin shan magani da ke bakin garinsu a ƙasar Kabo, ta yayyafa ruwa, ta zauna a kan benci kafin marasa lafiya su fara zuwa. A wannan ɗan lokacin ba ta taɓa komai. Idonta na kan hanyar Garo, amma hankalinta ya yi gaba: ya bi burtali, ya tsallake rafi, ya shiga gida-gida yana sallama. Gidan su wance da ta warke, gidan su wance da Allah Ya yi wa rasuwa bayan girbi. Sai ta gama gaishe su duka a zuci sannan ta miƙe ta buɗe ƙofa. Shekara talatin da biyar ke nan tana aikin lafiya, kuma a ƙarshen watan nan na shekarar 2005 za ta ajiye.

Masu karatun likita sun san sunan Farfesa Muhammad Nur, mai bincike a kan sankarar mama. Takardunsa da aka buga a mujallun likitoci sun haura tamanin. A duniyarsu ta boko, darajar takarda ita ce yawan masu ambatonta, wato wani likita a wata ƙasa ya zo rubuta tasa ya ce, kamar yadda wane ya gano. Akwai takardarsa guda a kan matan Gwarzo da Kabo da aka ambata sau ɗari biyu da sittin. Sunan Furera ba ya cikinta. A can ƙarshe dai akwai layi ɗaya da ƙananan baƙaƙe, na godiya ga ma'aikatan karkara. To, ita ce ma'aikatan karkarar, ita kaɗai.

Abin ya faro ne a lokacin tsuke bakin aljihu, sa'ad da asibiti ya koma wurin da ake ba mutum takarda a ce ya je ya nemo magani. Muhammad Nur yana matashin likita a lokacin. Sau ɗaya a wata, motar wani babban asibiti na birni takan kawo shi, ya duba mata, waɗanda aka samu da ƙari a mama a tafi da su a yi musu aiki. A sallamo mace, a rubuta mata ranar dawowa a kati. Shiru. Cikin mata sittin da uku, arba'in da ɗaya ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Ya rubuta sakamakon ya aika wa mujalla, suka dawo masa da abinsa, suka ce ba a san makomar matan ba. Manyansa a birni kuwa suka yanke hukunci cikin sauƙi: macen da ba ta dawo ba ta mutu, aikin ba ya amfani, man mota ya yi tsada. Suka ba shi wata uku. In bai kawo shaida ba, motar ta daina zuwa, duk macen da ta ji ƙullutu a ƙirjinta ta yi ta shafa magani a ɗaka har abin ya fashe.

Likita ya ɗauki katin farko ya nufi ƙauyen Dugabau da kansa, da farar rigarsa. Ya tambayi mai unguwa ina gidan Halima Sa'adiya Hammadu. Mai unguwa ya yi tunani, ya tara dattawa, suka yi tunani tare.

"Likita, wallahi ba mu da mai wannan suna. Ko dai ta wani garin ce?"

Ya dawo da yamma, takalmi duk laka, ya zauna a bencin nan ya ce, "Malama, ita ma wannan sai dai a sa ta cikin waɗanda suka rasu."

Furera ta karɓi katin, ta duba, dariya ta kusa ƙwace mata.

"Haba Likita! Ka shiga ƙauye kana kiran mace da sunan yanka? Ai wannan suna sau uku ake faɗinsa: ranar suna, ranar ɗaurin aure, sai kuma a asibitinku. Hammadun nan ma ba mijinta ba ne, ƙanin mijin ne da ya rako ta. Kun tambaye ta sunan miji a gaban jama'a, ta sunkuyar da kai, shi kuma ya faɗi nasa don a wuce wurin. Kuma macen da aka yi wa aiki, gidan iyayenta ake kai ta jinya. Kar ka kashe ta tukuna. Ba ni kati."

Ta tuna matar: doguwa, mai kitson Fulani, an ce a da tana kai nono kasuwar Gwarzo. Ranar kasuwa Furera ta shiga layin masu nono, ta sayi na sha, ta gaisa, ta tambayi shanu da ruwa, can cikin hira ta ce ina 'yar'uwarsu da aka kai birni aka yi wa aiki. Wata tsohuwa ta ce, "Au, Altine? Tana rugar babanta." Washegari Furera ta kama hanya a ƙasa, gero ya fi ta tsawo dama da hagu, har ta hango wata mace tana shanyar hatsi, hannunta na hagu ba ya ɗaguwa sosai.

Bayan doguwar gaisuwa ta ce, "Altine, me ya hana ki komawa?"

"Malama, an ce in koma ran sha huɗu ga wata. Ni ban san watan da suke ƙirgawa da shi ba. Na ga ba na jin ciwo, na ce kar in je in wahalar da likita."

Furera ta ce daga baya, a wurin nan ta zauna a kan turmi ta yi hawaye, Altine tana ba ta haƙuri ba ta san dalili ba.

Cikin wata ukun nan ta nemo talatin da shida daga arba'in da ɗayan. Ashirin da biyu suna raye. Sauran ta zauna da iyayensu ta yi ta'aziyya, ta tambayi lokacin rasuwar yadda za su gane: kafin shuka ne ko bayan an kai gero rumbu, azumi ya wuce ko da saura. Motar ba ta daina zuwa ba. Daga nan kuma ta canza tambayoyin ɗakin shan magani. Da wane suna ake kiran ki a gida? Wace kasuwa kike ci? Gidan wa ake kai ki wankan jego? Ranar dawowa kuma ba lamba, sai ta ce, "Juma'a biyu bayan Babbar Salla."

Da aka ƙaddamar da Shari'a, wasu magidanta suka fara jan ƙafa, suna cewa namiji ba zai duba ƙirjin iyalinsu ba. Furera ba ta yi gardama da kowa ba. Ta ɗinka labule da tsohon zanenta, ta rataya. Ita ke ciki tana dubawa, Farfesa na waje yana tambaya yana rubutawa. Malam Lukuman, limamin unguwa, ya zo ya ga tsarin da idonsa. Watan gaba sai ga shi ya kawo mahaifiyarsa.

Ke ce, Furera, da kika san cewa shirun mace ba mutuwa ba ne. Ke ce kika taka ƙaya kika shiga ruwa don a rubuta gaskiya a kan matan da ba za su taɓa karanta rubutun ba. Mai kiran kowa da sunan da uwarsa ke kiran sa! Ba ki nemi a sa sunanki ba, mu ne abin ke yi wa ciwo.

In an tambaye ta batun ambato ɗari biyu da sittin, ba lissafi take gani ba. Takan ce ji take kamar matan nan ne ke tafiya: Altine da ƙwaryar nononta, da sauran, sun shiga jirgi, suna sallama a ƙofar likitocin ƙasashen da ake sanyi, ana cewa su shigo. Wani lokaci har takan yi murmushi ita kaɗai, ta ce ko an ba su wurin yin alwala.

Makon jiya Farfesa ya zo taron ban kwana da aka shirya mata, gashi ya yi furfura. A gaban jama'a ya ce, "Malama, na yi kuskure da ban sa sunanki kusa da nawa ba. Ki yafe mini." Ta ce ba komai. Ya buɗe takardar ya nuna mata wani zane, layi yana gangarowa hawa-hawa, kowane hawa mace ce ta rasu, can kuma ya miƙe ya daina sauka, waɗanda suka rayu ke nan. Ta ɗora yatsa a miƙaƙƙen wurin ta fara kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, babu kati a hannunta.

Mun gode, Malama, Allah Ya saka da alheri, Ya sa hutun ya zo da lafiya. Ku kuma masu zuwa bayanta, kwamfuta ba za ta shiga layin masu nono ba. In mace ba ta dawo ba, kar ku ja layi a kan sunanta, ku tashi ku je ku gani.

Ana cikin taron nan na makon jiya wata dattijuwa ta iso da ƙwarya a ka. Furera ta jawo ta, ta ɗora yatsan dattijuwar a ƙarshen layin zanen.

"Altine, ga ki nan. Likitocin duniya sun yi zancenki sau ɗari biyu da sittin."

Altine ta duba layin, ta duba Farfesa, ta gyara mayafi da hannun dama.

"Ikon Allah. To Likita, in ka gan su ka ce ina gaishe su. Ka ce musu ina nan, har na aurar da autata."