Gyang da Ƙafata ta Hagu

Shekara takwas ke nan da muka kai Gyang makwancinsa a ƙauyensu da ke Filato. Na ce bana ba zan bar ranar ta wuce shiru ba, ko da masu karatu ba su san shi ba. Aikinsa yankan ciyawa a filin golf da ke ƙetaren kogi, ni kuma makanike ne a wata masana'anta a Kudenda, nan Kaduna. Coci ɗaya muke zuwa a Nasarawa, a nan muka shaƙu.

Shekarar da na yi ritaya ɓarin jikina na hagu ya shanye. Na samu sauƙi a asibiti, amma tsoro ya zauna mini a ƙafar hagun, ba na yarda in dogara da ita. Na koma zaman kujera a ƙofar gida. Matata Rifkatu ta kawo abinci, ta dawo ta kwashe, ni ina kallon masu keke suna wucewa. A raina na ɗauka tawa ta ƙare.

Wata Asabar da safe sai ga Gyang da tsohon buhu a kafaɗa. A ciki akwai sandunan golf uku masu kan ƙarfe da wani ɗan wasa ya bar masa, da ƙwallayen da ya tsinto cikin ciyawa.

"Bitrus, tashi mu je."

"Ina?"

"In ka tashi ka gani."

Ya kai ni wani fili a bayan Unguwar Boro. Lokacin babu komai a wurin sai gonakin rogo da shanu daga nesa. Ya ja layi a ƙasa da takalminsa, ya ajiye ƙwallo a kai, ya miƙo mini ƙarfe mai lamba bakwai. Na jingina da ƙafar dama na kai duka. Ƙarfen ya tone ƙasa tun kafin layin, ƙwallon ta gangara kamar an shure ta.

Ya ce, "Kana so ka ɗaga ta sama. Ba aikinka ba ne, don haka aka kwantar da fuskar ƙarfen. Kai dai sauko a kanta. Ƙwallo tukuna, ƙasa daga baya. Kuma ba zai yiwu ba sai nauyinka ya koma hagu."

"Ƙafar nan ta mutu, Gyang."

"Ita ta kawo ka daga bakin titi zuwa nan."

Sau biyu na faɗi a ranar. Bai ruga ya ɗaga ni ba. Ya miƙo mini kan sanda, na kama na tashi da kaina. Na yi fushi da shi har gida, amma da Asabar ta zagayo ya tarar da ni na sa takalmi.

Haka muka yi ta yi har damina ta sauka. Wata safiya raɓa ta jiƙe ciyawa, wani farin hazo yana tasowa daga wajen kogi. Gyang ya juya baya yana tattara ƙwallaye. Na kai duka ban ma yi tunani ba. Sai na ji ƙas, ƙara mai tsabta, hannuna bai ji komai ba. Ƙwallon ta tashi, ta yi ta hawa, ta tsaya a sama kamar ta manta hanya, sannan ta shige cikin farin nan. Ramin da ƙarfen ya yanka yana gaban layi.

"Na ji," in ji shi, bai ko waiwayo ba.

Da na duba ƙasa, a kan ƙafar hagu nake tsaye, dugadugin dama yana sama. Na daɗe a haka ina kuka.

Yau filin ya zama gidaje, katanga na bin katanga. Jikana yakan nuna mini samari a waya, suna ɗaukar bidiyon bugunsu, suna rage gudunsa don su ga inda suka yi kuskure. Nakan tambayi kaina me Gyang zai ce. Ina jin zai karɓi wayar ya kalla da sha'awa, ya yaba, sannan ya ce a ƙara sautin. Wani lokaci in na gyangyaɗa da rana a gindin mangwaro, nakan gan shi yana tafiya cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, ba ya sauri, ba ya juyowa.

Bai bar gida a Kaduna ba, bai taɓa cin kofi ba. Filin golf ɗin da ya yi shekaru yana gyarawa ma, bai taɓa zagaye shi a matsayin ɗan wasa ba. Abin da ya bari yana jikina, da shi nake zuwa kasuwa da ta'aziyya da suna.

Lahadin da ta wuce, bayan sujada, wata mata da ban sani ba ta tare ni. Ta ce mijinta direba ne, jikinsa ya shanye tun bara, ya daina fita, ya daina magana da kowa.

"Baba, an ce kai ma ka taɓa yin haka. Wane magani ka sha?"

Na tambaye ta wane ɓari ne. Ta ce hagu.

Na ce ta kwatanta mini gidan, kuma kada ta gaya masa ina zuwa.