Gwiwoyin Masta

Masta muke ce masa, har matarsa ma haka take kiransa in ranta ya ɓaci. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne. A Legas ya koyi kareti lokacin da aiki ya kai shi can, ya dawo Kafanchan da baƙar ɗamara da taurin kai. Hausarsa irin ta iyayenmu ce, mace da namiji duk "kai" yake ce mana. Ina 'yar firamare uwata ta kai ni wurinsa, wai ko zai rage mini tsiwa. Bai rage komai ba. Na zama malamar makaranta, na yi aure, na haihu, amma ban daina zuwa ba.

A zauren taron coci muke haɗuwa da yamma, mu ture bencina gefe, mu share siminti. Akwai 'ya'yan fasto, akwai 'yan acaɓa, akwai samarin Fulani da ke zuwa bayan sun kora shanu gida. Ni ban san wani wuri a garin nan da ke tara mu haka ba.

Ƙa'idar ajin ita ce, kafin a watse kowa zai durƙusa ya zauna a kan dugadugansa, Masta yana gaba yana fuskantarmu. Babba a cikin ɗalibai ne ke ba da umarni, amma ba mai motsi sai Masta ya miƙe. Miƙewarsa kuwa abin kallo ce, ba dafa ƙasa, ba nishi, kamar an ja shi da igiya daga sama. Yakan ce, "Ranar da na kasa tashi da kaina, ranar na kulle wannan aji. Ba zan koya ma yara abin da jikina ya ƙi ba." Mun san halinsa. In ya yanke magana, ko fasto ba ya juya shi.

Wata damina, bayan ya yini yana cire ciyawa a gonarsa ta citta, muka durƙusa kamar kullum. A lokacin ni ce babba, don haka ina gaba, kusa da shi. Muka jira, Masta bai miƙe ba. Sai Masta ya soma wa'azi a kan haƙuri, shi da ba ya son surutu. Ya gama da haƙuri, ya shiga ladabi. Yara suka fara mutsu-mutsu. Na saci kallonsa, na ga gumi a goshinsa, na ga cinyarsa tana rawa. Ya yunƙura kaɗan, ya koma. Tsoro ya kama ni sosai, don na san in ya dafa ƙasar nan a gabanmu, gobe sai mu tarar da kwaɗo a ƙofa.

Tsiwar da uwata ta so a cire mini ita ta yi rana. Na ɗaga murya na ce, "Kowa ya juya ya kama hannun na kusa da shi! Ku ja juna ku tashi tare!"

Suka bi umarni, suna zaton sabon darasi ne. Ni kuwa na rarrafa na miƙa wa Masta hannu, tunda ba ni da abokin yi. Ya harare ni. Sannan ya kama. Ban taɓa sanin yana da nauyi haka ba, amma mun tashi.

Da aka watse ya tsayar da ni a bakin ƙofa.

"Kai, wa ya koya maka wannan?"

"Kai mana, Masta."

"Ni? Yaushe?"

"Da daɗewa. Ka manta ne, tsufa."

Bai yi dariya ba. Ya naɗe ɗamararsa a hankali, ya jefa a jaka, ya daɗe yana juya makullin zauren a hannu. Na tsaya ina jira ya ce in sanar da yara kada su ƙara zuwa. Hawaye har sun cika mini ido.

Sai ya miƙo mini makullin, ya ce, "Gobe ka zo da wuri ka buɗe. Kuma ka zauna ta haguna. Gwiwa na hagun ne ya fi damuna."