Kiran Bakwai da Minti Goma

A kamfanin rarraba magungunan da ya yi wa aiki shekara ashirin da shida, Tafinta ake ce masa, kuma yawancin waɗanda suka zo daga baya ba su san yana da wani suna ba. Ba wani harshe yake ji fiye da kowa ba, maganar ma da ƙyar ake ciro ta daga bakinsa. Kwamfutoci yake yi wa tafinta.

Kamfanin yana kai wa shaguna da ƙananan asibitoci sama da ɗari magani, kowanne da irin kwamfutar da Allah ya hore masa: wata sabuwa dal, wata ta girmi mai danna ta, ba wadda take jin yaren 'yar'uwarta. Shi ya rubuta manhajar da ta haɗa su. Kowane magani yana da mazauninsa a cikin uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke hedikwata. Abin da ke kwamfutar shago wakili ne kawai. Mai shago ya tambayi wakilin kwali nawa ya rage, wakilin ya bi waya da tambayar ya dawo da amsa, mai shago kuwa yana zaton komai a gabansa aka yi. Idan aiki yana tafiya, ba mai tuna Tafinta. Ranar da ya tsaya, har mai gadi ya san hanyar ofishinsa.

Ofishin yana ƙarshen baranda a hawa na biyu. Taga ɗaya ce, tana kallon bangon sito. Akwai kujera da ya ɗaure hannunta da guntun waya, da na'urar sanyi mai ɗiga cikin bokiti, da uwar garken a kusurwa tana gurnaninta.

Doka ɗaya yake da ita a sana'arsa. Hanyar da kwamfutar waje take bi ta yi tambaya, ƙofa yake kiranta, kuma yakan ce ƙofar da ka buɗe wa mutane ba ka da ikon toshe ta muddin akwai mai bi, don alkawari kaya ne. Idan aka bukaci sabon tsari sai ya buɗe ta biyu ya bar ta farko. Da haka ya kai ƙofa bakwai. Abokan aikinsa suna tsokanarsa cewa gidansa ma ƙila ba bango, ƙofofi ne zalla. Ya yi murmushi ya ci gaba da bugawa.

Da aka kawo sabon tsari gaba ɗaya, aka shiga mayar da shaguna kansa ɗaya bayan ɗaya. Cikin shekara guda ƙofofi shida suka yi tsit. Ta farko ce ta ƙi. Kullum da safe, ƙarfe bakwai da minti goma, kira ɗaya yakan shigo ta cikinta ya tambayi abin da ya rage na wani maganin hawan jini, ya karɓi amsa, ya tafi. Wane ne? Ba a sani ba. Lokacin da ya gina wannan ƙofa yana saurayi bai sa ta riƙa tambayar sunan mai shiga ba, kuma duk kiran da ba na cikin ofis ba ta mashiga ɗaya yake biyowa, da adireshi iri ɗaya.

Ya bi shagunan duka da waya. Kowa ya ce ba shi ba ne. Wannan bai gamsar da shi ba, don ya san rabinsu ba su san abin da kwamfutocinsu suke yi ba.

Shugabar sashen, wadda shi ya koya mata aiki, ta zo ta tsaya a bakin ƙofarsa.

"Baba, ka rufe ta kwana ɗaya mana. Wanda abin ya shafa ai zai neme mu."

"In bai neme mu ba fa? In ya ga ba amsa ya ɗauka maganin ya ƙare, ya sallami masu jira? Hawan jini ne fa."

"To ai bai taɓa yin oda ta nan ba."

"Ƙananan shaguna da takarda suke oda. Dubawa yake yi kafin ya rubuta."

Ta dube shi ta girgiza kai. Ta san shi, in ya kafe ko gezau.

A zuciyarsa ya riga ya gama ƙera mutumin. Dattijo ne mai ɗan shago a wani lungu mai nisa, yana buɗewa da bakwai, ya share gaban shago, ya kunna tsohuwar kwamfutarsa. Tafinta ya koma zuwa aiki kafin bakwai don ya ga layin kiran ya bayyana a allo. Ba zan ɓoye ba, ya fi jin daɗin wannan layi ɗaya a kan gaisuwar mutane goma. Mutum ne da ba a cika neman sa ba, ga shi kuma akwai mai neman sa kullum.

Sai kamfani ya mayar da sashen manhaja gaba ɗaya zuwa sabon ofis a wani gari mai nisan awa tara a mota. Garin surukarsa ne. Tsohuwar ta yi shekara biyu a kwance da shanyewar ɓarin jiki, kuma matar Tafinta, malamar firamare, ita kaɗai ce 'ya mace. Ranar da ya zo gida da labarin, ta ajiye littattafan da take dubawa ta yi ta hamdala.

"Baban yara, Allah ne ya ji kukana. Yaushe za mu tashi?"

Ya daɗe yana cire takalmi. Tsohuwar uwar garken ba za ta jure tafiya ba, an ce in aka kashe ta da wuya ta sake tashi, kuma duk kamfanin ba wanda ya iya tsohon yaren da aka rubuta ta da shi sai shi.

"Ki ba ni wata shida," ya ce. "Da na gano mutumin nan na mayar da shi sabon tsari, sai mu tafi."

Wata shida ya zama shekara huɗu. Ita ba mai barin gida da 'yan makaranta biyu ba ce, shi kuma ba mai cewa ta tafi ba ne. Ƙarshen kowane wata ta hau mota awa tara, ta wanke uwarta, ta juya ta, ta gyara mata ɗaki, ta sake hawa awa tara ta dawo ƙafafu a kumbure. Farko takan tambaya, "An gano mutumin naka?" Daga baya ta daina. Ranar da aka bugo cewa jikin Inna ya yi tsanani, ta kama hanya nan take. Tana tsakiyar tafiya aka sake bugowa. Bayan nan ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, kuma wannan ya fi masa ciwo.

Shekara biyu da rasuwar, wata safiya, bakwai da minti goma ta yi, allo bai motsa ba. Ya duba waya, ya duba mashiga, komai lafiya. Washegari ma shiru, haka rana ta uku. Ya zauna jugum, abincin rana ya huce a gefensa. Ya ɗauka dattijon ya rasu, kuma ya yi baƙin ciki na gaske.

Rana ta huɗu, wajen sha ɗaya da rabi, ya ji injin ɗakin sanyi na sito ya tashi da ƙara a bayan tagarsa. Kwana uku ke nan ana canja shi. Bai kai ga ɗauke kai daga tagar ba, layin ya bayyana a allo: maganin hawan jini, kwali nawa ya rage.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya sauka, ya ratsa tsakanin kwalaye zuwa inda mai gyaran ɗakin sanyi yake naɗe wayoyinsa.

"Malam, me ka kunna yanzu?"

"Injin, sai 'yar kwamfutar nan mai lura da sanyi." Ya nuna wani akwati a kan kanta. "Sau biyu ina canja ta tun da na zo. Ni dai kwafe cikinta nake yi kaf in zuba a sabuwa, ba na taɓa komai. Abin da ban sani ba ina ruwana da shi?"

Tafinta ya ja kwali ya zauna ya buɗe ta. Bai sha wuyar nema ba. 'Yar manhaja ce, layi ashirin da ɗaya, an sa mata ta yi tambaya kullum da safe, in ta makara ta rama da zarar an kunna. A samanta akwai rubutu, kuma salon nasa ne: gwaji ne, don a ga ko sito yana samun hedikwata, a goge bayan mako. Kwanan watan na shekarar da ya fara aiki ne. Maganin kuwa shi ne na farko a jerin wancan lokacin. Sito a kan layin waje yake, shi ya sa kiran yake biyowa ta mashigar shaguna.

"Lafiya dai?" in ji mai gyaran.

"Lafiya lau."

Ya goge 'yar manhajar. Ya hau sama ya rufe ƙofa ta farko, ya kashe uwar garken, ya rubuta wa shugabar sashe layi biyu. Bai kai minti goma yana yin wannan duka ba.

Da la'asar ya tarar da matarsa a tsakar gida tana kwashe shanya. Ya yi niyyar ya ce mutumin ya koma sabon tsari, da ba wanda zai taɓa sani. Amma shi bai iya ƙarya ba, ko wannan baiwar ba shi da ita. Ya tsaya da jakarsa a hannu ya faɗa mata komai, tun daga injin sanyi har layi ashirin da ɗaya.

Ta gama ninke zanen da ke hannunta, ta ajiye a kwando.

"Wato ba kowa," ta ce.

"Ba kowa. Ni ne."

"Zuwana na ƙarshe da na same ta da rai, Inna ta tambaye ni me ya hana mu dawowa. Na ce mata akwai marasa lafiya da suke samun magani ta hannunka, in ka tashi za su rasa. Ta ce to kada in matsa maka, ita tana da masu duba ta. Har albarka ta sa maka."

Ta ɗauki kwandon ta shiga ɗaki, ta bar rigunansa biyu a kan igiya.