Hoton Mahauci Mai Barci da Na Sa a Shafina

Edita, a farkon dawowar mulkin farar hula ni saurayi ne haifaffen Agege, mai rawar kai, ina tsaron shagon intanet na wani Bayarabe kusa da layin dogo. Turanci da Yarbanci duk a bakina, saboda haka unguwa take min kallon wanda ya san duniya, ni ma kuwa na hau na zauna. A nan na buɗe wani ɗan shafi na kyauta ina rubuta labaran Hausawan Legas: tsadar tumatir a Mile 12, layin tireloli a Apapa, wa ya yi aure, wa ya dawo daga Makka. A ƙasan shafin akwai ɗan akwati mai ƙirga masu leƙowa, shi ne ya hana ni sakat. Kullum na duba sai in tarar bai motsa ba, in ma ya motsa to ni ne na shiga.

Ogana ne ya yi min bayani yana dariya, cewa injin bincike ba ruwansa da daɗin labari, kalmomi yake bi. Ya ce in sa abin da mutane suka fi nema a take, in maimaita shi a ciki, in haɗa da hoto. Lokacin kuwa ana zaman ɗar-ɗar a Legas, yau a ji an gwabza tsakanin mutanenmu da 'yan gari a can, gobe a ji a nan. Na san sarai abin da ɗan Arewa zai buga in ya samu intanet. Sai na cika takena da rikici, kisa, Hausawa, Legas, da Hausa da Turanci.

Saura hoto. A mayankar unguwarmu akwai wani mahauci ɗan ci-rani daga wani ƙauye a ƙasar Katsina, mutum mai fara'a, wanda in mahaifiyata ta aike ni sayen nama sai ya yi min gyara mai tsoka. Wata rana da azahar na same shi gajiya ta kwantar da shi a kan kwali ƙarƙashin rumfa, baki buɗe, riga jina-jina kamar ta kowane mahauci. Na ɗauke shi hoto don in tsokane shi. Wannan hoton na sa a ƙarƙashin taken nan. Ban rubuta cewa ya mutu ba, kuma da wannan na riƙa lallashin kaina, amma Allah ya sani na san abin da mai kallo zai ɗauka.

Dabarar ta ci. Ba a daɗe ba shafina ya hau sahun farko, masu karatu suka yi ta tururuwa, har ina kiran abokai su zo su gani. Ban taɓa tunanin abin zai fita daga kwamfuta ba, don a ganina ƙauyen da babu ko wutar lantarki me ya haɗa shi da intanet?

Wani direban tirelar shanu ne ya kawo labarin. Ɗan ƙauyen mahaucin ne, ya shigo mayanka zai yi wa 'yan uwa gaisuwar mutuwa, sai ga mamacin yana fiɗa. An ce zaman dirshan ya yi a ƙasa yana salati. Da ya dawo hayyacinsa ya ciro takarda daga aljihu: wani ɗalibi ɗan garinsu ne ya ga hoton a intanet a birni, ya gane fuskar, ya buga ya kai gida. An yi zaman makoki, matar mahaucin ta shiga takaba, mahaifiyarsa kuwa da aka nuna mata hoton ta yanke jiki ta faɗi. Ba a sha wahalar nemo ni ba, ni kaɗai ne mai wannan harkar a unguwar. Na tsaya gaban mahaucin ina jiran mari. Bai zage ni ba. Ya dai tambaye ni me ya sa ban tashe shi ba, ya ce da ya wanke fuska ya tsaya min da kyau. A ranar ya bi motar da ta sauke shanu ya nufi gida.

Ban taɓa shiga tashin hankali irin na makonnin nan ba. Babu waya a ƙauyensu, wayar hannu kuwa sai masu hali. Na goge hoton da shafin gaba ɗaya, amma in na bincika sai taken ya sake fitowa, ogana ya ce sai injin ya ga dama zai manta. Takardar kuma wa ya san hannu nawa ta shiga? Abinci ya daina shiga, na rame. Duk tirelar da ta shigo sai in je in tsaya nesa ina leƙen fuskar direba, ina son in tambaya, ina tsoron amsa. Ko sallah na tayar, tsohuwar da ban taɓa gani ba ce take tsaya min a rai.

Da mahaucin ya dawo na je na durƙusa. Ya ce matarsa ta fita takaba, yara sun yi murna. Amma tsohuwa ɓarin jikinta ya shanye, hankalinta kuma ya tsaya a ranar da ta ga hoton. In ya zauna kusa da ita, sai ta ɗauke shi baƙo ne da ya zo ta'aziyya, ta yi masa godiya, ta ba shi labarin ɗanta da aka kashe a Ikko, wato Legas. Ya rantse mata, ya nuna mata tabon da ta sani a ƙafarsa, ba ta yarda ba. Daga baya ya haƙura, in ta gama sai ya ce Allah ya jiƙansa. Kafin shekara ta zagayo ta rasu a haka.

Ya ce ya yafe min, ni ne na kasa yafe wa kaina. Yanzu ina ganin yara na buɗe shafuka, kowa na neman a gan shi a sama, har darasi ake koyarwa a kai. Neman masu karatu ba laifi ba ne, ku koya, ku gyara rubutunku. Amma kafin ku sa take ko hoto, ku tuna cewa mutumin da ke ciki yana da uwa a wani gari, kuma labari zai riga shi isa gida. Ni na samu masu karatun da nake nema, wani bawan Allah kuma ya yi jinyar mahaifiyarsa tana yi masa kukan mutuwarsa.