Ƙazafin da Na Yi wa Malam Iro Kan Bijimina

Shekaranjiya ina tsaye a kan mushen bijimina, ina ɗaga murya a gaban jama'a cewa maƙwabcina Malam Iro ne ya ba shi guba. Tun rigimar iyakar gona bara ba ma gaisawa. Ɗaya ne cikin shanuna biyu, ya wuni yana huɗa, da yamma ya fara ɗingishi, da safe sai mushe.

Malamin dabbobi ya iso daga Ɗambatta. Ya danna cinyar da ta kumbura, muka ji ƙaras-ƙaras kamar busasshen ganye. Da ya tsaga, naman ya yi baƙi ƙirin, ga wari.

Ya ce, "Alhaji, harbin daji ne. Ƙwayar cutar a ƙasa take, wajen kiwo ake kwasa. An yi masa rigakafi bana?"

Na sunkuyar da kai. Ranar da masu allura suka zo, ni na ce ina shuka, su wuce.

Malamin dabbobin ya hana a feɗe ko don fata, ya ce a binne da zurfi. Wallahi wanda ya fara kawo diga Malam Iro ne. Da muka gama ya ce, "Allah ya mayar da alheri. Ɗayan san fa a yi masa allura yau."

Na kasa haɗa ido da shi a masallaci. Gobe zan je gidansa. Jama'a, da wane baki ake fara neman gafarar irin wannan mutum?