Ranar da Na Goge Akwatin Baba Alhaji

Ko na tsufa haƙorana sun zube, ba zan manta da wata Laraba ba, shekara uku ke nan. Ina ɗan shekara sha huɗu a lokacin, rawar kaina kuwa ta ishi unguwar Gwange gaba ɗaya.

Yayata ce ke kula da sabar imel ta wata ƙungiyar 'yan kasuwa a Gamboru, wato babbar kwamfutar da ke ajiye saƙonninsu. Da aka yi hutu, Mama ta gaji da ni, ta ce in riƙa bin ta ofis. Ranar Yaya za ta fita salla, ta ce, "Rubuto min sunayen akwatunan imel ɗin da aka shekara ba a buɗe ba. Rubutawa kawai na ce!"

Ni kuma na ga rubutu aikin ragwaye ne. Na zaɓi akwatuna tara, na danna gogewa, na harɗe ƙafa ina jiran yabo.

Yaya na dawowa, sai ga shugaban ƙungiyar, dattijon da kowa ke kira Baba Alhaji. Ashe shi bai taɓa buɗe akwatinsa da kansa ba, ajiya kawai ake yi masa a ciki, ga shi kuma yana cikin taran da na goge. Ya ce, "'Yata, buga min hotunan takardun shagona. Na asalin ruwa ya cinye, gobe kuma lauya ke son su."

Yaya ta duba allo, ta dube ni. Wallahi gumin da na yi a wurin zai cika tulu. Shagon tsoho zai tafi, aikin Yaya zai bi shi. Har na fara tunanin motar da za ta kai ni Chadi.

"Baba, ga shayi, ba ni minti goma," in ji ta. Ta ja kunnena zuwa ɗakin saba.

"Yaya, na kashe mu ko?"

"Kai dai ka kashe kanka, sarkin iyawa. Zauna."

Ta buɗe rumbun bayanai, ta nuna min wani layi mai sunan Baba Alhaji, da lamba ɗaya a gefensa. Ta ce yadda ta tsara sabar, gogewa alama kawai take sa wa akwati. Saƙonnin na nan a ajiye, sai bayan kwana talatin ake share su har abada. Ta mayar da lamba ɗayan nan zuwa sifili, haka ta yi wa sauran takwas ɗin. Akwati ya dawo, takardu suka fito da ɗuminsu.

Baba Alhaji ya karɓa, ya dafa kaina, ya ce, "Wannan yaro akwai natsuwa." Yaya ta ƙware da shayi.

Daga baya na tambaye ta dalilin kwana talatin ɗin. Ta ce, "Saboda irinku na yi shi." Tun ranar na koyi cewa abin da aka daɗe ba a taɓa ba, ba lallai ba shi da mai shi ba. Yanzu ko hoto zan goge a wayata, sai na tambayi kaina sau biyu.